MAKALAR MAKO: Mafici Mai Fuska Ɗari Da Hotunan Kakanninmu

 

Makalarmu ta wannan makon a kan tsofaffin hotuna ce. Kusan kullum sai wani ya turo mana hoton zamanin Turawa: ganuwar Kano, kasuwar Kurmi, dalar gyaɗa, ko wani dattijo riƙe da mashi an rubuta a ƙasa cewa "mayaƙin Hausa". Nan da nan sai a cika wurin da "Allah sarki duniya" da "Allah Ya jiƙan mazan jiya". Addu'a ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Abin da muke so mu ce shi ne, tsohon hoto shaida ne a kan mutum uku: wanda aka ɗauka, wanda ya ɗauka, da wanda aka yi domin ya saya. Sau da yawa ma labarin na biyu da na uku ya fi yawa a cikinsa. Domin mu ga haka sarai, bari mu ɗan yi nisa da gida, mu duba abin da Turawa suka yi wa mutanen Sin a jikin mafici da faranti da takarda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ƘASAR SIN DA AKA ƘERA A TURAI

Daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa cikin na 18, wani yayi ya kama masu kuɗin Turai: komai nasu sai an yi masa ado irin na Sin. Shayi, siliki da tangaran suna zuwa musu ta jirgin ruwa, suna da tsada, mallakarsu alama ce ta isa. Sai masu zane na Faransa da Ingila da Holan suka shiga zana "mutanen Sin" a jikin bango, labule, kujera, faranti, da mafitan naɗewa da matan manya ke riƙewa a wajen biki.

Mafi yawan masu zanen nan ba su taɓa taka ƙasar Sin ba. François Boucher, fitaccen mai zane na Faransa, ya nuna zanensa na rayuwar Sinawa a Paris a 1742, aka kuma saƙa su a matsayin dardumar bango a masaƙar Beauvais. Bai taɓa zuwa Sin ba. Abin da ya zana mutanen fadar Faransa ne sanye da kayan da yake zaton na Sin ne, suna rawa, suna kamun kifi, suna hutawa a lambu. Jean Pillement shi ma ya buga zane-zanen 'yan ƙananan mutane masu hula kamar malfa, suna lilo a jikin reshe, suna wasa da tsuntsaye. Masu yin mafici da masu yin tangaran suka dinga kwafar waɗannan takardu, wannan ya kwafa daga wancan, har siffar ta zauna daram: ɗan Sin mutum ne ɗan ƙarami, mai dogon gashin baki, mai tukku a ƙeya, mai murmushi, ba ya noma, ba ya karatu, ba ya fushi, ba ya tsufa. Ado ne kawai, kamar fure ko ɗawisu.

Akwai wani farantin tangaran mai launin shuɗi da fari, mai hoton gada da bishiya da tsuntsaye biyu, wanda har yau ake sayarwa a duniya da sunan zanen Sin. A Ingila aka ƙirƙire shi wajen 1790. Hatta labarin masoya biyu da ake cewa zanen yana bayarwa, a Ingila aka shirya shi domin faranti ya shiga kasuwa.

Ga kuma wurin da ya fi ba mu darasi. Daga 1757 zuwa 1842, hukumar Sin ta taƙaita cinikin Turawan da ke zuwa ta teku a tashar Kanton kaɗai, a wani ɗan yanki na bakin kogi. Ba su da izinin yawo cikin ƙasa. Masu sana'a na Kanton suka lura da abin da baƙin nan ke so, suka shiga yi musu shi. A tsakiyar ƙarni na 19 suka yi suna da wani mafici da ake cika shi da mutane birjik a harabar gidan wani babba, kowane mutum an manna masa fuska ta ɗan guntun hauren giwa, an yanka masa riga ta siliki. Masu tara kayan tarihi suna kiransa mafici mai fuska ɗari. Domin fitarwa waje aka yi shi. Hannun ɗan Sin ne ya zana, amma idon mai saye ne ya zaɓi abin da za a zana. Fuska ɗari, kusan dukkansu iri ɗaya, babu mai suna ko ɗaya.

Kanton ɗin nan ita ce Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari ke zuwa saro kaya yau.

DAGA ADO ZUWA IZGILI

Wani zai ce, to mene ne laifi a ciki, tunda zanen kyakkyawa ne, ba zagi ba? Laifin ya fito ne lokacin da ciniki ya koma faɗa. Mutumin da aka saba gani a matsayin abin ado, ba a jin nauyin mayar da shi abin dariya, daga nan kuma abin tsoro.

A 1792, tun kafin tawagar Lord Macartney ta isa fadar Sarkin Sin, mai zanen barkwanci James Gillray ya riga ya buga hoton ganawar a Landan: sarki ƙato a kishingiɗe yana busa hayaƙi cikin girman kai. Ganawar ba ta auku ba sai a 1793. Hoto ya riga labari isa. A 1801 aka buga wani littafin zane a Landan da ba ya ƙunshe da komai sai irin azabar da ake yi wa masu laifi a Sin. Ƙasa mai dubban shekaru na rubutu da ilmi aka taƙaita ta a bulala da mari.

Sai yaƙin ofiyom na farko, 1839 zuwa 1842, wanda Ingila ta yi saboda hukumar Sin ta hana shigo da ƙwayar da ke kashe mata jama'a. Da shi Ingila ta karɓe Hong Kong. A yaƙi na biyu, sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarki a wajen Beijing a 1860, aka kuma cinna mata wuta. A 1882 Amurka ta yi dokar hana leburori 'yan Sin shiga ƙasarta. A 1895 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa mai zane Hermann Knackfuss ya fitar da wani hoto da ke nuna ƙasashen Turai a siffar mata masu sulke, suna hangen wata barazana da ke tasowa daga gabas cikin hayaƙi da wuta. An buga shi da yawa, an rarraba. Shekara biyu bayan haka Jamus ta kama tashar Qingdao. A 1900 sojojin ƙasashe takwas suka shiga Beijing.

Ku duba tukkun nan da ya zama tambarin ɗan Sin a kowane zane. Sarakunan Manchu ne suka tilasta wa mazan ƙasar shi a 1645 bayan sun ci su da yaƙi, wanda ya ƙi kuma hukuncinsa kisa ne. Da mulkinsu ya faɗi bayan juyin 1911, jama'a suka shiga yanke shi. Alamar mulkin da aka ɗora wa mutum ita baƙo ya ɗauka a matsayin halittarsa. Mai kallon mafici a Paris ba shi da hanyar sanin wannan, domin mafici ba ya magana.

MU MA AN ZANA MU

Shekara uku bayan shiga Beijing, ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano. Zamani ɗaya ne, masu mulkin kusan ɗaya ne, idon ma ɗaya ne.

Tun kafin nan an fara zana mu. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya rubuta abubuwa masu amfani ƙwarai a kan saƙa da rini da fatauci. Amma kyakkyawan hoton nan na Kano daga kan Dala da ke yawo a intanet, wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya ƙarasa shi daga ɗan zanen da Barth ya kawo. Bai ga Kano da idonsa ba. Hoton yana da daraja, amma ba hoton kyamara ba ne, kuma bai kamata a turo shi ana cewa "ga yadda Kano take sak a 1851" ba.

Da kyamara ta zo, sai katin hoto na gidan waya ya karɓi aikin da mafici ya yi. Jami'in mulki, soja, ɗan kamfani, kowa yana so ya aika wa 'yan uwansa a gida shaidar cewa yana wata duniya ta daban. Masu buga kati suna buga abin da zai sayu. A Dakar, François-Edmond Fortier ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, da yawa daga ciki 'yan mata ne da aka tsayar babu mayafi, aka rubuta sunan ƙabila a ƙasa. Masu bincike sun nuna cewa a irin waɗannan katuna hoto guda kan sake fitowa da rubutu daban, yau a ce 'yar wannan ƙabila ce, gobe a ce ta waccan. Marubucin Aljeriya Malek Alloula ya fitar da littafi a 1981 a kan yadda aka yi wa matan ƙasarsa haka, inda ya nuna cewa galibin hotunan a ɗakin mai hoto aka shirya su, da kayan aro. Rubutun ƙasan katin kusan kullum iri ɗaya ne: "Bahaushe ɗan kasuwa", "matar Fulani", "arne". Ba suna, ba gari, ba uba. Fuska ɗari ke nan a wata siga.

Wuri guda ma an taɓa haɗa mu da Sinawa a rumfa ɗaya. A babban baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembley a 1924 da 1925, wanda mutum wajen miliyan 27 suka ziyarta, an gina wani gari mai jar ganuwa irin ta biranenmu na Arewa, aka zuba Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo a ciki, aka kawo masu sana'a daga nan suna saƙa da jima da ƙira 'yan kallo na wucewa. A wani ɓangaren filin kuma an gina titin Hong Kong, da shaguna da gidan abinci da mutanen Sin a ciki. Tikiti guda ya isa mutum ya kalle mu duka. Da jaridun Landan suka shiga rubuta abubuwan raini a kan 'yan Afirkan da ke cikin ganuwar, ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a can suka yi ƙorafi a rubuce, Ladipo Solanke yana cikin na gaba. A watan Agusta 1925 aka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, wadda daga baya ta zama makarantar 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Su tun a lokacin sun gane cewa yadda ake nuna ka yana da alaƙa da yadda ake mulkinka.

INA GWARZO, INA KABO?

Yanzu mu dawo gida. Ku tuna duk tsofaffin hotunan da aka taɓa turowa a wannan zaure. Nawa ne na Getso, Kutama, Lakwaya, Garo ko Durun? Da wuya a samu. Kyamarar Bature ta fi tsayawa inda mota da jirgin ƙasa suka kai ta, da inda akwai abin da zai burge mai karɓar kati: ƙofar gari, fada, hawan daba irin wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956.

Ɗauki dalar gyaɗa. Kowa na son hotonta, mu ma muna so. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, buhuna suka taru har suka zama tsauni. Amma gyaɗar ba a birni aka noma ta ba. Manoman karkara irin kakanninmu ne suka shuka, suka cire, suka ɓare, suka ɗora wa jaki, kuma babban abin da ya ɗaure su da ita shi ne harajin da dole a biya da tsabar kuɗi. A hoton akwai dala, wani lokaci da Bature a gabanta. Babu manomi, babu mai karɓar haraji, babu yunwar 1913 zuwa 1914 da ta yi wa ƙasar Kano ɓarna, babu mutanen da aka kwasa aikin tilas a haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Haka rini: kati ya san karofin Ƙofar Mata, amma binciken da Philip Shea na Jami'ar Bayero ya yi ya nuna cewa babban ɓangare na saƙa da rinin da ya ɗaukaka sunan Kano a ƙarni na 19 a garuruwan karkara irin su Kura aka yi shi.

Idan yaronmu na sakandare a Kabo ya tashi bai san tarihinsa ba sai ta waɗannan hotuna, abin da zai fahimta shi ne tarihi na sarakuna da 'yan birni ne, nasa kakannin ba su yi komai ba. Wannan asara ce babba, kuma ita ke ciyar da rainin "baƙauye" da muke sha a birni da cikin fina-finai.

Yanzu kuma wata sabuwa ta shigo. Ana amfani da ƙirƙirarriyar basira a sa wa tsohon hoto launi, ko ma a ƙera hoton da bai taɓa wanzuwa ba, a rubuta "Kano a 1800" ko "Sarauniya Amina". A 1800 babu kyamara a duniya, sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a. Na'urar nan kuwa daga ina ta koyi kamanninmu? Daga hotunan da ta tarar a intanet, waɗanda da yawansu katunan nan ne na Turawa. Boucher ya dawo ke nan, wannan karon a cikin wayarmu.

TO A ZUBAR DA SU NE?

A'a. Wasu 'yan uwa za su ce waɗannan hotuna su kaɗai muke da su, ba don su ba da ba mu ga fuskar Sarki Abbas ko yadda ƙofofin gari suke kafin a rushe su ba. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ko katin da aka yi da mugun nufi yana iya nuna mana ɗinkin riga, naɗin rawani, ginin soro, irin takalmin da ake sawa. Gidajen tarihi na Turai ma ba su ƙona mafitansu ba, akwai gidan tarihi guda na mafici zalla a Greenwich da ke Landan. Abin da ya canza shi ne yadda ake karanta su. Shaida a kotu ba a kore shi don yana da ɓangare, ana yi masa tambayoyi ne, a kuma nemo wani shaidan.

Wani shaidan kuwa akwai shi. Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi Barth zuwa Turai, ya ba da labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Ingila da Jamus da bakinsa, da Hausa, J. F. Schön ya rubuta. A nan mu ne ke kallon su. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa, maƙwabtanmu ta kudu, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. A ciki akwai aure, kishi, ƙawance, harin masu kama bayi, zuwan Turawa, duk daga bakin macen karkara mai suna da dangi. Shafi goma na labarinta sun fi katin hoto ɗari gaya mana yadda kakanninmu mata suka rayu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

LAIFI TUDU NE

Akwai ɓangare na biyu na wannan magana, kuma shi ya fi ɗaci. Mutanen da aka zana a jikin maficin nan yau suna tare da mu. Wayar da ke hannun yawancinmu, Tecno ko itel ko Infinix, ta kamfanin Transsion ce na Shenzhen. Farantin sola, fitila, injin ban ruwan da ake noman rani da shi a bakin madatsun Guzu-Guzu da Magaga, atamfar lefe, da yawansu daga can suke. Tun shekarun 1960 masu masana'antu daga Hong Kong suka zo Nijeriya: masaƙar UNTL ta Kaduna, kamfanonin kwanon sha da langa irin waɗanda iyayenmu mata suka yi jere da su, da masu yin silifa da roba a Kano. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa wani ɗan kasuwarsu Wakilin 'Yan China.

Amma yaya ake maganarsu a majalisa da shafukan sada zumunta? "Ɗan Chana" ya zama sunan duk abin da ba shi da ƙarko. Ana ja ido da yatsa don kwaikwayonsu, ana kwaikwayon harshensu da surutun banza, ana cewa duk kamarsu ɗaya, duk suna cin kaza da kaza. Lokacin korona abin ya ƙaru. Da wani ɗan ƙasarsu ya kashe wata matashiya a Kano a 2022, kotu ta yi aikinta ta yanke masa hukunci, amma a intanet an yi ta yanke wa mutum fiye da biliyan ɗaya hukunci tare da shi. Mu da muke jin zafi idan aka kira kowane ɗan Arewa "aboki" a Legas da nufin raini, ko aka ɗora wa kowane Bafulatani laifin 'yan bindiga, ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo.

Wannan ba ya nufin babu ƙorafi na gaskiya. Akwai. Marinan Kano sun yi tattaki zuwa fadar Sarki a 2015 saboda kayan da ake shigowa da su suna kashe musu sana'a. Masaƙun Sharaɗa, Challawa, Bompai da Kakuri sun durƙushe, dubban magidanta sun rasa aiki. Amma idan za mu yi lissafi na adalci, sai mu sa rashin wutar lantarki, fasa-ƙwauri ta kan iyaka, da 'yan kasuwarmu da ke ɗaukar samfurin zane su kai Guangzhou su ce a yi musu mai araha. Masana'antar da ke yin mai arahar ita ke yin mai tsadar, abin da aka biya shi ake samu. Darasin Kanton bai canza ba: mai saye ne ke zaɓar abin da za a zana.

Su ma a can suna da nasu mafici a kanmu. A 2016 wani tallan sabulun wanki a Sin ya nuna an cusa baƙin mutum a injin wanki ya fito fari. A watan Afrilu 2020 an kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou da sunan korona, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. A 2022 binciken BBC ya bankaɗo wani ɗan Sin a Malawi da ke sa yara faɗin kalaman ƙasƙanta kansu a bidiyo yana sayarwa. Waɗannan abin Allah wadai ne, kuma dole a faɗa da babbar murya. Sai dai wanda yake so a ji kukansa a kan wannan, bai kamata a same shi yana ja wa wani ido da yatsa ba. Mu da su an taɓa tsayar da mu a fili ɗaya ana kallo. Abin takaici ne a ce bayan shekara ɗari kowannenmu yana kallon ɗan uwansa da tabaran da mai tikitin ya bari.

Addininmu ma ya riga ya yanke magana. A Suratul Hujurat an hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, an kuma bayyana cewa rarrabuwar mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila domin sanin juna ne. A Guangzhou ɗin nan akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, kuma ƙasar tana da Musulmi miliyoyi. Wanda ake kwaikwayon idonsa, mai yiwuwa alƙiblarku ɗaya.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na farko, duk wanda zai turo tsohon hoto a wannan zaure, ya yi ƙoƙarin haɗawa da amsar tambaya huɗu: wa ya ɗauka, a wace shekara, a ina, kuma don wa? Idan na'ura ce ta ƙera shi ko ta sa masa launi, a faɗa. Idan rubutun ƙasansa na raini ne, kada a kwafo shi kamar karatu.

Na biyu, mu buɗe akwatunan gidajenmu. Akwai hotunan fasfo na aikin Hajji, hotunan 'yan firamare, na ɗaurin aure, na 'yan NEPU da NPC da PRP, na tsofaffin sojoji, na malaman makarantar allo da ɗalibansu. Gara da damina suna cinye su a hankali. A ɗauke su da waya, a je wurin dattijo ko dattijuwar da ta rage a gidan, a tambaya: wane ne wannan, ɗan wa ne, me yake yi, a ina aka ɗauka? A rubuta a bayan hoton. Kafin a turo hoton matar wani ko mahaifiyar wani a bainar jama'a, a nemi izinin iyalinta. Hoton da ba shi da suna, bayan shekara hamsin zai koma "wani Bahaushe", kuma wannan karon ba Bature ne ya share sunan ba.

Na uku, ɗalibanmu da ke Jami'ar Bayero da sauran makarantu, masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida. Tarihin karofi da masaƙa na garuruwanmu, tarihin kasuwar Getso, yadda gina madatsun ruwa ya sauya noma da zaman ƙauyuka. Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna suna nan, amma babbar ma'ajiyar tana zaune a kan tabarma a zaurukanmu, kuma kullum ana kai ɗaya makwanci.

Na huɗu, idan ɗan Sin ko kamfaninsu ya cuce mu, a faɗi abin da ya yi, a kai ƙara inda ya dace, a matsa wa hukuma ta yi aikinta. Laifi yana da mai shi. A bar ido da hanci da harshe, domin ba shi ya halicci kansa ba.

Wanda yake da tsohon hoto na garinsu mai cikakken bayani, ya ajiye mana shi a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan gari da shekara. Wanda kuma yake da saɓanin ra'ayi, zaure na kowa ne, a yi muhawara cikin mutunci kamar yadda aka saba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka ɗauka a hoto da waɗanda kyamara ba ta taɓa gani ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.